Daron Ƙasarin Kyauta

Tun ranar da Waliyyu ya shigo Giwa Tazo da akori-kurarsa 'yar Kwatano, ƙofar gidan yayansa Yusufu ba ta sake jin wata hira ba sai ta inji. Shekara shida ya yi yana jan motar wani tsakanin Aliero da Jega, yana dakon buhunan albasa, sai bana Allah ya ba shi tasa. Ba wanda ya yi masa baƙin ciki. Abin da ya ishi mutane shi ne, tare da motar ya sayo malanta. Da yamma ta yi zai ɗage murfin gaba, ya tara maza, ya shiga karatu. Ruwan lagireto, in ji shi, ba ruwa ba ne irin na kowa. Akwai ja, akwai kore, kuma duk wanda ya gauraya su ya cuci motarsa, don sai su kame a cikin tiyo kamar nonon da ya kwana. Ruwan rijiya kuwa tsatsa yake bari da gishiri. Direbobin da ke buɗe lagireto kowace safiya su tsiyaya masa ruwan buta, waɗannan a wurin Waliyyu ba direbobi ba ne, makasa inji ne, kuma ya san su da sunayensu.

Kyauta, matar Yusufu, tana jin duk wannan ta bayan katanga tana aikinta, har ta haddace ba da sonta ba. Ita ba ruwanta da ja ko kore. Hankalinta duk yana kan Gudale, farar karsanar da ke ɗaure a gindin dogonyaro a tsakar gida, da cikin fari wata takwas.

Gudale ba ta Kyauta ba ce, amana ce. Safiya ce ta kawo ta, matar Sambo, mutanen rugar da ke kan hanyar Mungadi. Shekara goma sha ɗaya Safiya na sauke ƙwaryar nononta a ɗakin Kyauta, ta huta, su yi musayar nono da gero, su yi gulmar mazajensu. Bara waccan, bayan girbi, sai ga ta ba ƙwarya a ka, tana jaye da maraƙa. Haɓɓanaye suke kiran abin: mai shanu ya ba aminin da ba shi da su saniya, ya riƙe ta har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma inda ta fito. Ba takarda, ba shaida, sai yarda. Safiya ta danƙa mata igiyar a hannu, wata tsohuwar igiya ta ɓawon kuka da mahaifinta ya tuƙa, ta ce wannan aro ce ita ma, ranar da za ta dawo ta dawo da saniya a ƙarshenta.

Garin ya ɗan yi dariya. Matar da ba ta taɓa kiwon abin da ya wuce akuya ba, wai ita Bafulatana ta ba saniya. Dariyar nan ce ta sa Kyauta ta ɗaura ɗamara. Harawa mai ganye ita take zaɓa da hannunta, ta jiƙa kanwa, ta tsince kaska ɗaya-ɗaya, ta bi tsakar gida tana kwashe duk wata leda kafin iska ta kai ta turke. Sannan ga ƙasari, ruwan da aka wanke hatsi da shi, wanda dabba ke so fiye da ruwan banza. Nata bai isa ba, don haka ta ajiye wani babban daro mai shuɗin baki a cikin zaure, daga hannun dama, ta roƙi maƙwabta duk wadda ta wanke surfe ta zo ta juye a nan. Kusan shekara biyu daron na wurin. Makahon garin ma ya san shi, don ya sha yin tuntuɓe da shi.

Wata Talata Waliyyu ya dawo daga Jega da galan biyu na koren ruwa. Bakaniken da ya duba masa motar ya ce wanda ke cikinta jan nan ne na ƙasar sanyi, mai kauri, tun daga can aka zuba shi, ya tsufa ya kwashi tsatsa, a zubar da shi kaf a wanke kafin a sa sabo. Bakaniken ya ce ya bari a yi masa a gareji. Ina, malam guda zai tsaya wani ya yi masa abin da yake koya wa mutane? Ya ce zai yi da kansa. Da maraicen nan har karanta wa maza rubutun jikin galan ɗin ya yi, yana bi da yatsa, yana fassara musu yawan zafin da ruwan ke ɗauka.

Washegari da hantsi Kyauta ta tafi injin niƙa. Waliyyu ya shimfiɗa buhu zai shiga ƙarƙashin mota, sai ya ga in ya kwance tiyo a haka ƙasa za ta jiƙe, ya ɓata rigarsa. Ya leƙa zaure, ya ga daro, ya ɗauka. Bai tambayi kowa ba, kuma da ma mutum irin Waliyyu bai ɗauki kayan mata a matsayin kayan da ake tambaya ba. Ya tare tsohon ruwan tas, ya ɗaure tiyo, ya zuba sabo, ya tayar da inji yana sauraro yana gyaɗa kai. Ana nan aka kira shi a waya daga Aliero, lodi na jira. Sai ya yi abin da har gobe yake ganin kirki ne: ya ɗauki daron da abin da ke ciki, ya mayar da shi daidai inda ya ɗauko shi, don kada a ce ya bar kayan mutane a waje.

Da Kyauta ta dawo ta ga daro ya wuce rabi da ruwa jaja-jaja mai duhu, daɗi ta ji. Ta ce a ranta yau Zinatu maƙwabciyarta jar dawa ta wanke, Allah ya yi mata albarka. Ta juye nata ƙasarin geron a kai, ta watsa dusa hannu biyu, ta dama. Ta ji santsi a yatsunta, ta ɗauka kanwar jiya ce. Ta kinkimi daron ta kai turke. Gudale ta kafa kai ba ta ɗago ba sai da ta ga ƙasan daron, sannan ta bi shi da lasa. Kyauta na tsaye tana shafa mata wuya, tana yaba mata, tana cewa haka ake so mai ciki ta ci.

Bayan azahar saniya ta fara tangaɗi. Ta taka nan, ƙafa ta tafi can, ta jingina da dogonyaro, yawu na zuba. Kyauta ta duba ƙafafu ko maciji ne, ta taɓa ciki ko ya kumbura, ba ta ga kome ba. Ta ruga gidan Zinatu ta tambaye ta ko dawar da ta wanke an sa mata maganin ƙwari. Zinatu ta ce wace dawa, ita yau shinkafa ta dafa, ko zauren ba ta shiga ba. Kyauta ta dawo ta ɗaga daron ta shinshina. Ƙamshin ƙarfe ne, da wani zaƙi-zaƙi a bayansa. Ta fita ƙofar gida, ga shacin gindin daro a ƙasa tsakanin sawun taya, ga galan biyu wofi an jingina da katanga. Nan ta zauna a dakalin maza, abin da ba ta taɓa yi ba.

Yusufu ya hau babur ya tafi Maiyama, ya ɗauko Lukman malamin dabbobi. Lukman ya saurari labarin, ya ɗauki galan ɗaya ya juya bayansa, ya nuna musu ɗan hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, ƙasa kaɗan da inda yatsan Waliyyu ya tsaya jiya. Ya ce ruwan nan guba ne, ja ko kore, sabo ko tsoho, kuma sharrinsa zaƙi, shi ya sa dabba ba ta ƙinsa. Ƙoda yake kamawa. Ya ɗura wa Gudale gawayi da aka daka, ya yi mata allura, ya rataya ledar ruwa a reshen dogonyaro. Da zai tafi ya ce wa Kyauta kada tashinta ko cinta ya ruɗe ta, fitsari za ta sa wa ido.

Waliyyu ya dawo gab da magariba yana busa ham. Da aka gaya masa, abin da ya fara tambaya shi ne ko an taɓa masa galan ɗinsa, don yana so ya yanke su ya yi mazubi. Sai da ya ga fuskar yayansa sannan ya shiga cikin gida, ya tsaya nesa da turke, hannu a aljihu. Ya yi jaje, ba a ce bai yi ba. Amma bakin da ya saba karatu bai iya tsayawa a jaje ba.

"To amma Yaya," ya ce wa Kyauta, "wa ka ba saniya ruwan mota? Ko launi nai ba ki gani ba?"

Kyauta ta miƙe daga inda take durƙushe. Tun yana yaro take dafa masa tuwo, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba.

"Waliyyu, wata biyu kana hwaɗa muna ja, kana hwaɗa muna tsanwa, kana hwaɗa muna wanda ka ɓata inji. Ni da ba ni da ko keke na hardace. Wanda ka kashe mai rai na kaɗai ba ka karanta ba? Kuma daron ga, akwai wanda bai san ko na mi na ba cikin garin ga?"

Ya ce ai ya mayar da shi inda ya ɗauko. Ta ce ta gani, ta gode. Yusufu ya shiga tsakani ya ce a bar magana, ƙaddara ce. Wannan kalma ta fi maganar Waliyyu ƙona mata rai, don ta lura a gidan nan ƙaddara ba ta zuwa sai in namiji ne ya yi ɓarna. Ranar da ita ta bar tukunya ta ƙone, sakaci aka kira shi.

Alhamis da safe Gudale ta miƙe tsaf. Tangaɗin ya tafi, ta ɗan ja harawa, ta sha ruwa bokiti biyu. Waliyyu ya leƙo ya ga haka, ya fita yana gaya wa maza da ma ya faɗa, malaman dabbobi sun iya tsorata mutane. Kyauta ta so ƙwarai a ce gaskiyarsa ce. Da a ce zai yi gaskiya sau ɗaya a kan wannan, da ta yarda ya yi ta karatunsa har tsufa. Ta share ƙarƙashin saniyar ta zuba busasshen yashi, don ko ɗigo ne ta gani. Ta ɗora tafin hannu a gefen ciki, ta ji ɗan ya motsa, ya ture ta. Ta wuni a gindin bishiyar nan, tuwon rana ma Zinatu ce ta aiko. Har rana ta faɗi yashin bai jiƙe ba.

Ran Juma'a Gudale ta kwanta ba ta sake tashi ba. Numfashinta ya koma nishi, idanu sun faɗa, ɗan cikin kuma ya daina turewa. Lukman ya sake zuwa, ya duba, ya girgiza kai. Ya ce a yanka ta a hutar da ita, amma kada kowa ya ci naman, ko kare kada a ba.

Babur ɗin Lukman bai gama ɓacewa ba Kyauta ta ji ƙus-ƙus a zaure. Waliyyu ne ke cewa ya san wani mahauci da ba ya yawan tambaya, in aka zubar da kayan ciki sauran ai nama ne, a rage asara. Abin da ya fi ba ta takaici, Yusufu bai ce a'a ba, lissafi ya shiga yi. Ta ja mayafi ta tsaya a bakin zauren, ta ce duk wanda ya fita da ko tsoka ɗaya daga gidan nan, ita da ƙafarta za ta bi shi kasuwa ta faɗa wa mutane abin da ke ciki. Saniya ɗaya ta isa, ba za a haɗa da 'ya'yan mutane ba. Suka san za ta aikata. Bayan an sauko daga masallaci aka yanka Gudale, aka haƙa rami a bayan gari, aka ɗora ta a akori-kurar Waliyyu aka kai. Wajen saukewa har tambaya ya yi ko fatar ma ba ta da amfani.

Saura Safiya. Yusufu ya zaunar da matarsa ya yi mata magana a hankali. Ya ce a al'adar mutanen nan, in saniyar haɓɓanaye ta mutu da ajalinta ba a bin kowa kome, kuma ba a zargi. A ce leda ta ci, shanu nawa leda ke kashewa a shekara? Ta haka zumunci ya tsira, sunan gidan ma ya tsira. Waliyyu ya ƙara da cewa in ma abin ya kai, zai nemo wata farar karsana a kasuwar Jega, ai shanu ba su ƙare ba. Kyauta ta dube shi. Mutumin da ya ce jan ruwa da kore ba sa zama ɗaya, shi ne yake ganin farar saniya duk ɗaya ce. Safiya na iya lissafa uwayen Gudale har biyar, wadda ta ƙetare kogi, wadda ta tsira a shekarar yunwa, wadda aka ba ta ranar aurenta. Wannan ba a ɗaure yake a kasuwar Jega ba. Leda kuwa, ita da ta shekara biyu tana sunkuyawa tana tsince leda, ba za ta ari laifin da ba ta yi ba don ta rufe wanda aka yi.

Asabar da sassafe ta wanke daron, ta naɗe igiyar ta sa a ciki, ta ɗora a ka. Yusufu ya ce ya kai ta a babur, ta ce da ƙafa aka kawo mata saniyar.

Ta iske Safiya a bakin bukka tana gyaran ƙore. Safiya ta taso da fara'a, don ta ɗauka albishirin haihuwa ne ya zo da wuri. Kyauta ta sauke daron a gabanta. Safiya ta ga igiya, fara'ar ta tafi. Suka gaisa duk da haka, gaisuwa cikakkiya, gida da yara da gajiya, sannan Safiya ta zauna.

"Mi yas same ta?"

Kyauta ta faɗa mata duka, tun daga galan har rami. Ba ta rage na Waliyyu ba, ba ta kuma rage nata ba. Ta ce ta ji santsi a hannunta ba ta tsaya ba.

"Ni nib ba ta, Safiya. Da hannuna nid dama mata, ina tsaye tas shanye."

Safiya ta ɗauki igiyar ta warware, ta bi ta da yatsu har inda wuyan Gudale ya goge ta ta yi sheƙi. Ta daɗe a wurin. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, kuma Kyauta da faɗan aka yi mata da ta fi samun sauƙi.

"Sambo cewa yay yi in kai ta gidan maigari, can ad da rumbuna," in ji Safiya. "Nic ce a'a, wurin Kyauta za ni kai ta. Ita ko ruwan wankin hatsi ba ta bari shi zube ƙasa."

Ta ce Allah ya sa iyakar abin ke nan, ta ce ba ta bin ta kome. Ta shiga bukka da igiyar, ta fito babu ita. A hannunta akwai ƙwarya, ta miƙa wa baƙuwarta. Ruwa ne. A shekara goma sha ɗaya Kyauta ba ta taɓa zuwa rugar nan aka tare ta da abin da ba nono ba. Ta sha, ta yi godiya, ta ɗauki daronta.

A hanyar komawa rana ta take, sai ga ƙarar mota a bayanta. Waliyyu ne, ya sauke kaya a Mungadi zai koma. Ya tsaya ya leƙo ta taga, ya ce Yaya ta hau ya rage mata hanya. Da ta ƙi hawa, sai bakinsa ya koma inda ya saba. Ya nuna mata wata 'yar allura mai nuna zafin inji a gaban sitiyari, ya ce tun da ya canja ruwan nan ko motsi ba ta yi ba, duk zafin nan.

"Madalla," in ji Kyauta. "Ita dai an zaɓa mata abin da taka sha."

Ta ratse ta bi ta cikin gonaki inda mota ba ta bi. Da ta isa gida ta nemo ƙusa da dutse, ta kifa daron, ta huda gindinsa wuri huɗu, don kada wata rana wani ya ga daro mai kyau ya ba dabba ruwa a ciki. Ta jefa shi kan rufin kaji.

Washegari da safe tana shara sai ta ji sallama a zaure. Zinatu ce, da ƙwaryar ƙasari a hannu, ƙafa ce ta kawo ta kamar kullum. Tana tsaye daga hannun dama, inda gindin daro ya bar da'ira a ƙasa, tana dube-dube, ta ma rasa yadda za ta yi tambayar. Kyauta ta dubi dogonyaro, ta dubi turken da ba a cire ba tukuna.

"Zuba shi ƙasa," ta ce, ta ci gaba da shararta.